Gishirin da Na Zuba a Kular Yaya

Duk wanda ya ba ka labarin abin da ya sami aikin yayata a bazarar da ta wuce, bai faɗa daidai ba. Umma ta ce zafin gari ne, wai a irin ranar nan ko ƙarfe ka ajiye sai ya gaji. Madam, matar da ta ara mana wuri a ɗakin gwajinta na Sabon Gari, ta ce kayan ne suka lalace tun a hanya. Malamin da ke duba aikin a jami'a, wanda bai taɓa tako ƙafarsa inda muke ba, ya yanke hukunci ta waya cewa Yaya ba ta da hannun aikin gwaji. Duk sun kuskure. Ni ce na ɓata aikin har sau uku, da gishirin miya cike da gwangwanin madara, kuma duk sanda na zuba shi gani nake taimako nake yi.

Gidanmu a Fagge yake, tun zamanin kakanmu da ya zo daga Barno da fatauci bai koma ba. Sana'ar Umma ƙanƙara ce. Firiza uku gare ta a ɗakin tsakar gida, tana ƙulla ruwa da zoɓo da kunun aya a leda, masu shago daga Bata har Kwari suna aikowa a saya. Ni tunda na gama sakandare, sakamakona bai kai ni ko'ina ba, sai na zama hannun damanta. Na san ƙanƙarar da ta kwana biyu da wadda ta kwana ɗaya daga ƙarar da take yi in ka ƙwanƙwasa ta. Na san yadda ake fasa ta cikin buhu da taɓarya ba tare da an tsaga buhun ba.

Akwai kuma dabarar Umma. In aka ɗauke wuta zoɓo bai gama kamawa ba, sai ta jera ledojin a kula, ta rufe su da fasasshiyar ƙanƙara, ta barbaɗa gishiri, ta rufe. Kafin ka yi salla ka dawo zoɓon ya zama dutse. Tana cewa gishiri yana ƙara wa ƙanƙara ƙarfi. Da wannan na tashi, ban taɓa tambayar dalili ba. Ba ni da haƙurin dalilai. In abu yana aiki, a yi shi a wuce wurin.

Yaya kuwa dalili ne abincinta. Ta girme ni da shekara tara, tana aure a nan Fagge layi uku daga gidanmu, tana da 'ya ɗaya, tana kuma digiri na biyu a kan ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Injin da take buƙata a sashensu ya lalace ana ta jiran mai gyara, lokaci kuma yana tafiya. Shi ya sa ta roƙi Madam, wadda ta taɓa yi wa aiki a da, ta ba ta kusurwar tebur ɗaya.

Wata safiya ta shigo gidanmu ta ce, “Auta, ɗauko kula ki cika mini da ƙanƙara. Kullum zan riƙa buƙata, safe da yamma, kuma ke za ki riƙa kawowa.”

Na ce, “Zoɓo kika koma sayarwa da digirin?”

Ta ce, “Sa mayafinki, mai adaidaita yana jira.”

A hanya, muna cikin cunkoson Bata, ta zaro wata 'yar roba mai murfi daga cikin fulas, tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. Na ɗaga ta sama na duba. Sai da na karkata ta sannan na ga wani ɗan ruwa a ƙasanta, bai kai ɗigon hawaye ba.

“Mene ne wannan?”

“DNA ne. Kin yi a makaranta ai. Rubutun da ke cikin kowace halitta, wanda ke gaya mata abin da za ta zama da abin da za ta iya. Wannan ɗan guntu ne, malamina ya samo shi daga wani ɗakin bincike mai nisa, ya yi wata bakwai yana roƙo. So nake in sa shi cikin bakteriya, su karanta shi, su riƙa ƙera mini wani sinadari da zan yi nazari a kai. In guda ɗaya tak ta karɓa, shi ke nan, za ta hayayyafa in sami ko nawa nake so. In ya ƙare babu wadda ta karɓa, shekara biyu da na yi ta tafi.”

“Sau nawa zai yi?”

“Huɗu, in na yi tsimi.”

Na miƙa mata abinta da sauri. Ban son riƙe abin da ba zan iya mayarwa ba.

Ɗakin gwajin yana saman bene, ƙasansa shagon taya. Madam 'yar kabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa karin magana. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ba ni safar hannu, ta ce, “Ƙanwata, doka biyu ce a nan. Ba a cin komai, ba a kuma buɗe firij ɗina. Na magungunan gwajin marasa lafiya ne, ƙwayar kowa ba za ta kwana a ciki ba, ko ta sarauniya ce.” Wannan doka ita ta sa kulata ta zama firij ɗin Yaya.

Ni da na ɗauka allura za a yi wa ƙwayoyin. Da na faɗa Yaya ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce babu allurar da za ta kama abin da dubbansa za su zauna a kan tsinin allurar. Dole sai ita ƙwayar ce za ta bari abin ya shiga, ita kuma ba haka kawai take bari ba. Tana da bango, tana da fata a bayan bangon, ga shi fatarta da DNA ɗin ture juna suke yi, kamar maganaɗisu biyu in ka haɗa su ta fuska ɗaya. Aikin duka shi ne a kai ta wani hali da za ta saki jiki.

Ga yadda na ga ana yi. Da farko a reni ƙwayoyin cikin wani romo mai ruwan ɗorawa, a wuri mai ɗumin jikin mutum, har romon ya ɗan yi gauraye kaɗan. Yaya tana ɗaga kwalbar tana hango rubutun kalanda ta cikinta. In rubutun ya ɓace gaba ɗaya, sun tsufa, a zubar a sake. Matasa ake so, masu cikin ganiyar rabuwa. Daga nan sai ƙanƙara. A wulwula su a inji su kwanta a ƙasa kamar ƙullun koko, a tsiyaye romon, a zuba musu wani ruwa mai sanyi da aka narka kalsiyam a ciki. Shi kalsiyam ɗin ne ke shiga tsakani ya kashe turereniyar, har DNA ya iya raɓar jikinsu. In sun jima a sanyi, a ɗiga DNA, a ƙara barinsu rabin awa a ƙanƙara. Sai a fizge robar a tsoma a ruwan ɗumi mai awo arba'in da biyu, minti ɗaya da rabi, ba ƙari ba ragi, a sake fizgewa a mayar cikin ƙanƙara.

Na ce, “Wannan ai mugunta ce. Daga sanyi sai zafi sai sanyi.”

Ta ce, “Firgicin ake nema. A cikinsa ne fatar ke ɗan buɗewa abin ya faɗa. Ko manyan ba su gama sanin yadda yake faruwa ba. Kuma a dubu da yawa da ƙyar ɗaya take karɓa.”

“To ta yaya za ki gane ɗayar? Tambayarta za ki yi?”

Nan ta nuna mini faranti. Wani ɗan faranti ne na roba mai murfi, da abinci daskararre a ciki kamar kamu, an gauraya shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A jikin DNA ɗin an haɗa da rubutun da ke koya wa ƙwaya jure wannan maganin. In aka shafa su a kai aka bari suka kwana, duk wadda ba ta karɓa ba za ta mutu. Wadda ta karɓa za ta hayayyafa a inda ta faɗi, da safe ka ga ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ɗigon nan shi muke nema.

Madam tana can tana duba jinin wani a madubin gwaji, ba ta ɗago ba ta ce, “Naku na gida ne, ragwaye, sai an yi musu wanka da ruwan sanyi. Akwai na waje da ba sa jiran kowa. Wasu in yunwa ta kama su, wasu in sun ji sun yi yawa a wuri ɗaya, wasu in magani ya mintsine su bai kashe su ba, da kansu suke buɗe ƙofa su jawo abin da maƙwabcinsu ya mutu ya bari. In mamacin ya iya jure magani, magajin ma ya iya. Shi ya sa in na ga mutum ya sayi kafso biyu ya sha ya ce ya warke, nake cewa sai ka dawo.”

Wannan magana ta zauna mini. Amma abin da ya fi zama a kaina shi ne abin da Yaya ta yi ta nanatawa: sanyi, sanyi, kada su ji ɗumi ko kaɗan kafin lokacinsa.

Takardar da malaminta ya ba ta ta ce in ƙwayoyin suka kwana cikin ruwan kalsiyam a kan ƙanƙara, sun fi karɓa washegari. Don haka ranar farko ta shirya su, ta soke robobin cikin ƙanƙarar kula, ta tafi da la'asar ɗauko 'yarta daga Islamiyya. Ni aikina in dawo wajen ƙarfe biyar da sabuwar ƙanƙara, in ƙara, in rufe, kafin Madam ta kulle.

Na tsaya a kan kular nan ina lissafi. Watan Afrilu ne, ɗaki a saman bene, rufin kwano. Daga biyar na yamma zuwa takwas na safe awa goma sha biyar. Na san ƙanƙarata, na san ba lallai ta kai ba. Na sauka ƙasa, na tsallaka titi, na sayo gishiri wurin mai kayan miya, na auna gwangwani ɗaya na barbaɗa kamar yadda Umma take yi, na rufe. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma don ɓoyo ba. A ganina ba magana ba ce. Yaya ta san ƙwayoyinta, ni na san ƙanƙarata, kowa ya tsaya a fagensa. Da ma can in na tambaye ta abu ɗaya sai ta ba ni amsar goma.

Da safe muka tarar ƙanƙarar ta narke duka, robobin suna yawo a ruwan sanyi. Yaya ta taɓa ruwan ta ce da sauran sanyi, mu gwada. Ta ɗiga kashi na farko. Ni na riƙe waya ina ƙirga minti ɗaya da rabi. Ta shafa a faranti, muka bar shi ya kwana.

Washegari faranti fes, kamar an wanke.

Ta ce wataƙila ruwan ya yi ɗumi kafin asuba. Ni kuma na ji haushin ƙanƙarata, na ce a raina gishirin ne bai isa ba. Zagaye na biyu na zuba gwangwani ɗaya da rabi. Da safe ta narke kamar jiya, faranti kuma fes. Yaya ta shafa ragowar ƙwayoyin a wani farantin da ba magani don ta ga ko suna raye, suka tsiro. Wannan ya ƙara ɓatar da ita, don ta ɗauka lafiyarsu ƙalau. Ba ta san 'yan tsirarun da suka tsira ba ne, su ma a jigace. Ta sake ruwan kalsiyam, ta sake romo, ta ari wani ma'aunin zafi ta gwada nata da shi. Ta zargi komai a ɗakin nan ban da ni.

A zagaye na uku, da ni ma na sake zuba gishirina, tsoro ya kama ta. Ta ce ko DNA ɗin ne ya yi kaɗan, ta haɗa kashi biyun da suka rage ta zuba gaba ɗaya. Madam ta ce mata kada ta yi, ba ta ji ba. Da safe ta buɗe inkubeta, akwatin ɗumin da farantin ke kwana a ciki, ta ɗaga farantin saitin taga, ta juya shi, ta sake juyawa. Sai ta ajiye shi a hankali ta zauna a kujerar da marasa lafiya ke zama a ɗebi jininsu.

A nan ta kira malamin. Ta sa wayar a kunne amma ɗakin shiru ne, duk muna ji. Ya ce wannan aiki ɗan aji uku ma yana yi. Ya ce ba kowa Allah ya ba hannun gwaji ba, ba abin kunya ba ne. Ya ce ta zo ranar Litinin ta sama a sake mata wani aikin, ta buga takardun tambayoyi ta raba wa masu kemis, ta rubuta abin da suka ce, ta karɓi takardarta ta huta. Yaya tana ta cewa, “To, Dakta. Na gode, Dakta.” Da ta kashe na ce, “Me kike gode masa?” Ta ce in rufe mata baki.

Kwana biyu ba ta fito ba. Rana ta uku ta zo gida ta sami Umma tana ɗauraye galan ɗin manja da ruwan zafi tana juyewa a miya, don kada na jikin galan ya tafi a banza. Ta tsaya tana kallo. Sai ta ce, “Auta, robar DNA ɗin nan ban yar ba. Akwai abin da ya maƙale a jikinta ko da ido bai gani ba. Zan ɗauraye ta. Ki kawo ƙanƙara gobe, mai yawa.”

Na kawo mai yawa kuwa. Na ɗauko babbar kular Umma, na cika ta har baki, na naɗe ta da bargo. Yaya ta shirya sababbin ƙwayoyi ta soke robobinsu a ciki su kwana. Da yamma na juye gishiri gwangwani uku. Na ce yau sai dai wani abin, ba dai ƙanƙarata ba.

Da safe na riga su isa, ina jira a bakin shagon taya. Da aka buɗe na ɗaga murfin da alfahari, ga ƙanƙara fiye da rabi ba ta narke ba. Na ce, “Yaya, zo ki ga aiki.”

Ta zaro roba ɗaya ta ɗaga. Ta girgiza ta. Abin da ke ciki bai motsa ba. Ta zaro ta biyu, ita ma haka, fari ƙal, dutse.

Ta ce, “Madam, zo ki gani. Sun daskare.”

Madam ta ce, “A kan ƙanƙara? Ƙanƙarar da ke narkewa ba ta daskarar da komai.” Ta ɗauko ma'auni ta soka a kular. Muka zuba ido jan layin yana sauka, ya wuce sifili, ya ci gaba. Ta shafa gefen kular da safar hannunta inda ruwa ya bushe ya bar farin gari, ta murza. Sannan ta juyo ta dube ni.

“Ƙanwata, me kika sa a nan?”

“Gishiri.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko.”

Ni da bakina na ƙara da cewa, “Don ta daɗe ne. Haka Umma take yi wa zoɓo.” Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa. Na san abin da gishirin ke yi wa zoɓo. Sau ɗari na gani da idona. Ban taɓa haɗa shi da robobin Yaya ba, saboda ta ce sanyi, ni kuma a wurina sanyi ba ya yin yawa.

Yaya ta yi magana a hankali, ba ta kalle ni ba. Ta ce gishiri ba ya sa ƙanƙara daɗewa, narkar da ita yake yi, yana kuma jan sanyin ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Ruwan da ƙwayoyin ke ciki sai ya zama tsinin ƙanƙara ya huda su. Kafin safe komai ya narke, mu zo mu tarar da gawa da majinyata muna ɗura musu DNA.

Madam ta ce, “Garin neman gira.” Ba ta ƙarasa ba.

Na ce, “Yaya, ki zage ni mana.”

Ta ce, “Ba ni da lokaci. Ƙarfe nawa?”

“Takwas da kwata.”

“Zubar da wannan, ki wanke kular sau uku. Ki koma gida ki kawo sabuwa. Ki fasa ta ƙanana, ki zuba ruwa kaɗan. In kika sa ko ƙwayar sukari ce sai na sani.”

Ban jira adaidaita ya cika ba, na ɗauke shi ni kaɗai. Umma ta ga fuskata ta tambaya, na ce sai na dawo. Kafin in koma Yaya ta riga ta ɗora sabon romo daga ƙwayoyin da ta ajiye a faranti. Ta ce ba sauran kwana, yau za a yi komai a gama, a kan idonta. Madam ta ba ni ma'aunin ta ce in riƙe shi a cikin kular, in ya motsa daga sifili ko sama ko ƙasa in yi magana. Awa huɗu na zauna a kan bokiti ina kallon jan layi. Ni da ko layin famfo ba na iya bi.

Bayan azahar ta buɗe 'yar robar, ta ɗiga mata ruwa mai tsabta ɗigo ɗaya, ta yi ta gangara shi a jikin bangon robar, ta wulwula a inji, ta zuƙe, ta zuba wa ƙwayoyin. Rabin awa a ƙanƙara. Ruwan ɗumi. Na ƙirga da ƙarfi, a sakan na casa'in ta fizge. Ta ba su romo suka farfaɗo awa guda, ta shafa a faranti. Ta shafa wasu da ba a ba DNA ba a wani farantin mai magani, don shaida. Muka sauko muka hau adaidaita, a Bata ta sauka ta bar ni.

Da safe Madam ce ta buɗe inkubeta, don Yaya ta ce ba za ta iya ba. Farantin shaida fes, yadda ya kamata. Ɗayan kuma, da aka ɗaga shi saitin taga, ga su nan. Farare, ƙanana, a warwatse. Na ƙirga bakwai, Yaya ta ƙirga bakwai, Madam ta ce akwai na takwas a gefe. Yaya ta ɗauki hoto, ta yi alwala a famfon baranda, ta shimfiɗa mayafinta a bayan ƙofa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ta tura wa malamin hoton, sai yamma ya kira, muna tsakar gidanmu. Ya ce madalla, amma sau ɗaya cikin huɗu sa'a ce, ba iyawa ba. Ya ce ta kawo farantin ranar Litinin ya ba wani ɗalibinsa ya ci gaba da shi, ita kuma maganar takardun tambayoyi tana nan.

Na ce, “Ki gaya masa gishiri ne.”

Ta rufe wayar da tafin hannu ta harare ni, ta yi masa sallama ta kashe.

“Me ya hana ki faɗa?”

“In ce masa me? Ƙanwata da ba ɗaliba ba na bar wa ƙwayoyina? Ni na kawo ki, ni ce ban duba ba. Laifina ne ko ta ina.”

“Rashin dubawa daban, rashin hannu daban. Wanne ya ce?”

“Auta, ba ki san mutanen nan ba. Ba a jayayya da su.”

“Ni ai ba ɗalibarsa ba ce. Me zai hana ni? Digirin ƙanƙara?”

Umma tana ƙulla zoɓo tana jinmu. Sai a lokacin ta gane abin da ya faru. Ta ajiye ledar ta ce, “Gishirina ne ya yi wannan?” Na ce ba nata ba ne, nawa ne, ita zoɓo take sa wa. Ta ce wa Yaya, “Ki bar ta ta je wurin malamin. Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. In ya kore ta, da ma korarriya ce.”

Yaya ta ce ba ruwanta, ba kuma za ta shiga da ni ba. Ta ɗauki 'yarta ta tafi gida. Na san ta, wannan a wurinta izini ne.

Na zauna na yi tunanin yadda zan yi. In na je da baki kawai, zai ce ƙanwa ce ta zo kare yayarta, ya ba ni kuɗin mota. Mutumin da ya yarda da faranti kaɗai, sai a kai masa abin da zai gani. Washegari na koma wurin Madam na ari ma'aunin zafi da robobi biyu, ta zuba mini ruwan kalsiyam a ciki ba ƙwaya ko ɗaya, ta ce in ya tambaya in ce ita ta ba ni, ya kira ta in yana so.

Na yanke cewa ranar Litinin zan riga Yaya isa jami'ar. Zan tafi da ƙananan kuloli biyu, in cika su da ƙanƙara a gabansa, in soka roba ɗaya a kowacce, in barbaɗa wa ɗaya gishiri, in ba shi ma'aunin ya riƙe da hannunsa. In ya ce ba shi da lokaci, zan zauna a ƙofar ofis ɗin, rabin awa ya ishi robar ta daskare. Sannan in gaya masa sau nawa na yi haka, da ranakun, da abin da ya fito ranar da ban yi ba. Abu ɗaya zan nema: ya bar wa Yaya farantinta, ya sa ta maimaita aikin a gabansa sau ɗaya, da ƙanƙarar da ba ta da komai. Ni zan kawo ƙanƙarar.